Gargare da Taya da Iska: Jawabi ga Masu Keke

  Maganar da zan yi muku yau ta keke ce. Cikin jikin keken kuwa abu uku kaɗai za mu duba, watau gargare, da taya, da iskar da a ke bugawa cikinta. Ina so kafin mu tashi ko wannenku ya gane yadda faɗin gargare ya ke ƙara wa taya ciki ko ya rage mata, da kuma dalilin da ya sa ba ko wace taya ce ta ke son iska iri ɗaya ba.

Watakila wani ya ce, "Wannan ai maganar mai faci ce, ina ruwana?" To, saurara ka ji. A zamanin da auduga ke tashe, a ke kai ta Funtuwa wurin gurza, keke abin hawan malaman gona ne da akawuna da masu hali. Daga baya ya game gari, har aka riƙa harhaɗa kekunan Raleigh a Kano. Da babur ya yi yawa, sai aka jingine keke a zaure. Amma tun ran 29 ga watan Mayu, 2023, da gwamnatin tarayya ta janye tallafin man fetur, mai ya yi tsada, mutane da yawa suka koma suka kakkaɓe wa kekunansu ƙura. Ga kuma kekunan gwanjo da a ke shigowa da su daga ƙasashen waje, ko wanne da irin ƙafarsa.

Taya kuɗi ce, tiyub kuɗi ne. Mutumin da ya ɗauro masara daga ƙauyensa za shi kasuwar Sheme ko ta Dandume, taya ta fashe masa a tsakiyar hanya, ya yi hasara uku: kuɗin gyara, da cinikin ranar, da kuma dare da zai riske shi a daji, abin da ba wanda ya ke so a wannan ƙasa tamu. Sau da yawa kuwa ƙaya ba ta da laifi cikin irin wannan fashewa. Laifin na rashin sani ne.

SUNAYEN ABUBUWA

Bari mu fara da sunaye, don kada in ce gabas ka nufi yamma. Gargare shi ne zoben nan na ƙarfe wanda taya ke zama a kansa, wanda yara ke korawa da kara in ya tsufa. Masu gyara su kan ce masa rim. In ka cire taya ka dube shi, za ka ga yana da leɓe biyu, dama da hagu, da kwarmi a tsakaninsu, inda kawunan wayoyin ƙafa su ke. Tazarar da ke tsakanin leɓen nan biyu ta ciki, ita na ke nufi duk sa'ad da na ce faɗin gargare. Awon waje ba ya gaya maka gaskiya, gama wani gargaren leɓensa kauri gare shi, wani kuwa siriri ne.

Taya kuma, ko da ya ke roba ido ya ke gani, ƙarfinta ba a robar ya ke ba. Cikin robar akwai saƙar zare daga wannan baki zuwa wancan. Cikin ko wane baki kuma an binne waya ta ƙarfe, ita ce ke riƙe taya kada ta tsallake leɓe. Tiyub shi ne jakar iska, ba shi da ƙarfin kansa, sai yadda taya da gargare suka tsare shi. Ashe ɗakin da iska ke zaune ciki, taya ce bangonsa da rufinsa, gargare ne daɓensa. Kowa kuwa ya san in aka faɗaɗa daɓe, ɗaki ya ƙara girma.

Awon da za mu yi aiki da shi sunansa milimita. Ka ari rular ɗanka ta makaranta, ka dubi gefen da zanensa ya fi ƙanƙanta. Daga wannan ɗan zane zuwa na kusa da shi, milimita guda ke nan. Guda 10 su ne santimita ɗaya, guda 25 da ɗan ɗoriya su ne inci ɗaya.

ISKA CE KE ƊAUKE DA KAI

Kekunan farko ƙafarsu katako ce da zoben ƙarfe, daga baya aka naɗa musu roba tsagwaronta marar iska, masu hawa suna shan jijjiga. A shekarar 1887 wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop, mazaunin birnin Belfast, ya naɗa wa ƙafafun keken ɗansa roba mai iska, a 1888 aka ba shi takardar shaidar ƙirƙira. Ko da ya ke wani, Robert Thomson, ya riga shi wannan dabara tun 1845, a hannun Dunlop ne ta kama ƙasa. A 1889 wani mai tsere, Willie Hume, ya hau irin wannan taya a Belfast, ya cinye tsere huɗu. A 1890 kuma Charles Welch ya fito da taya mai waya a baki da gargare mai kwarmi a tsaka, irin da mu ke hawa har yau. Tun daga nan iska ce ke ɗauke da mai keke. Roba da zare sutura ce kawai.

To, game da iskan nan akwai abu biyu da mutane ke cuɗawa, lalle ne ka raba su. Akwai yawan iska, akwai ƙarfin iska. Yawan iska shi ne ko nawa ne ɗakin ya ci. Ƙarfin iska kuwa shi ne yadda ta ke tunkuɗa bangon ɗakin saboda matsi. Ka toshe bakin famfonka da babban yatsa, ka danna. Iskar da ke ciki ba ta ƙaru ba, amma za ka ji tana ƙara ture maka yatsa, domin ɗakinta ya ƙuntata. Wani masani, Robert Boyle, ya bayyana ƙa'idar wannan a 1662: in ka matse iska cikin rabin wurin da ta ke, ƙarfinta ya kan ninka biyu. In kuwa ka buɗa mata wuri, ƙarfinta ya ragu.

Ƙarfin iska shi a ke rubutawa a gefen taya. Za ka ga lamba, da haruffa uku, PSI, ko kuwa kalmar nan bar. Bar ɗaya daidai ya ke da PSI 14 da rabi. Ma'anar bar ɗaya kuwa, kamar a ɗora nauyin kilo guda ne a kan wuri mai faɗin farcen ƙaramin yatsanka. Tayar da aka buga wa PSI 50, watau kamar bar 3 da rabi, ko wane wuri mai girman farce a cikinta iska tana tura shi da nauyin kilo uku da rabi, dare da rana, ko kana tafiya ko kana barci.

YADDA GARGARE KE SAKE SIFFAR TAYA

Gani ya kori ji. Ka samo ganyen kaba, ka yanke shi tsawon taƙi guda, ka lanƙwasa shi, ka kafa bakunansa biyu a ƙasa gab da juna. Dubi siffarsa: ciki ya kumbura, wuya ya tsuke, kamar gora. Yanzu ka ɗan nisanta bakunan. Za ka ga wuyan ya buɗe, gefunan sun miƙe tsaye kamar ƙofar zaure, filin da ke ƙarƙashinsa ya ƙaru. Tsawon kabar bai ƙaru ba ko kaɗan, amma ɗakin ya ƙaru. In ka ci gaba da nisantawa har ka wuce kima, sai ka ga ta kwanta ta baje, tsayinta ya tafi.

Haka taya ta ke. Zarenta daga baki zuwa baki tsawonsa ɗaya ne, ba ya ƙaruwa. Gargare ne ke riƙe da bakunan, shi ke hukunta tazararsu. Ga misali da lissafi. A ce ga taya wadda in ka shimfiɗe ta daga baki zuwa baki za ka sami milimita 100. In ka sa ta a gargare mai faɗin milimita 19, ka buga iska, faɗinta zai zama kamar milimita 38. In ka cire ta, ita ɗin dai, ka sa a gargare mai faɗin 25, faɗinta zai wuce 40 kaɗan. Tsayinta kusan yana nan yadda ya ke, amma ɗakin iska ya ƙaru da kusan ushiri, watau kashi ɗaya cikin goma. A taƙaice, duk milimita 5 da gargare ya ƙara, taya ta kan ƙara kamar milimita 2.

Abu na fari da wannan ke koya mana shi ne, ƙirga bugun famfo ba awo ba ne. Mutum ya saba yi wa tsohuwar ƙafarsa bugu kaza, ya sake ƙafa mai gargare mafi faɗi, ya yi mata bugu kaza ɗin nan. Iskar da ya zuba ɗaya ce, amma ɗakin ya fi girma, saboda haka ƙarfinta bai kai na da ba. In kuwa sabon gargaren ya fi tsohon ƙunci, bugun nan zai zarce abin da ya saba.

Abu na biyu, ko wace ƙwarya da abokin burminta. In ka sa taya mai ƙiba a siririn gargare, ka yi gora mai tsukakken wuya. Sa'ad da ka sha kwana da kaya, sai ka ji bayan keken yana rangaji, gama tayar tana kwantawa gefe. Leɓen gargare kuma ya riƙa cin zarenta kusa da baki, har wata rana ka ga tiyub ya leƙo ta nan. In kuma ka sa siririyar taya a gargare mai faɗi ainun, ka yi kabar nan da ta baje. Gefen taya, wanda robarsa ba ta da kauri, shi zai riƙa gugar tsakuwa, leɓen gargare kuma ya rasa mai kāre shi, dutse kaɗan ya lotsa shi.

Tsohuwar ƙa'ida mai sauƙin riƙewa ita ce, faɗin taya ya zama ninki ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na faɗin gargare. Gargare mai 19 ya yi daidai da taya daga 28 zuwa 38. Mai 25 ya yi daidai da taya daga 38 zuwa 50. Kekunan gwanjo masu manyan tayoyi, waɗanda aka yi domin hawan duwatsu, su kan wuce ninki biyu, amma su leɓen gargarensu yana da ɗan ƙugiya ta ciki mai kama bakin taya.

DON ME TAYA MAI FAƊI BA TA SON ISKA MAI ƘARFI

Nan ne gindin maganar. Na ce iska tana tura ko wane wuri mai girman farce da nauyi ɗaya. To, tayar da ta fi faɗi ta fi yawan irin waɗannan wurare, dukan turin nan kuwa zaren gefenta ne ke riƙe da shi, shi da leɓen gargare. Saboda haka jan da zare ke sha, ƙarfin iska ne a ninka shi da faɗin taya. Siririyar tayar tsere mai faɗin 25 da iska PSI 100, da taya mai faɗin 50 da iska PSI 50, jan da zarensu ke sha ɗaya ne. In ka buga wa mai faɗin 50 ɗin nan PSI 100, ka ɗora wa zarenta ninki biyu, ka kuma sa iska tana neman wage leɓen gargare. Ka lura da duniya mana: tayar mota iskarta ba ta cika wuce PSI 30 zuwa 35 ba, ta bayan tarakta ma ba ta kai haka ba, alhali kuwa sun fi keke ɗaukar nauyi nesa ba kusa ba. Yawan iskarsu ne ke aiki.

Mu koma ga misalinmu. Tayar nan da ta tashi daga 38 ta koma 40 da ɗoriya saboda sabon gargare, in da kana ba ta PSI 50, yanzu 47 ya ishe ta, ka sami tauri irin na da. Ragin kaɗan ne, amma ka ga inda ya nufa: gargare ya ƙara faɗi, ɗakin iska ya ƙaru, ƙarfin da a ke bukata ya ragu. Ga kuma wata riba, tun da gefunan taya sun tsaya tsaye bisa daɓe mai faɗi, ba ta yin rangaji a kwana ko da ka sassauta iska.

Akwai masu cewa taya sai ta yi tauri kamar dutse keke ke gudu. Ko manyan 'yan tseren Turai haka suka ɗauka shekara da shekaru, suna hawan taya mai faɗin 23 bisa siririn gargare, da iska PSI 100 ko fiye. Da aka yi ta gwaji, sai aka gane a hanya marar santsi taya mai tauri tsalle ta ke yi bisa ko wace tsakuwa, jijjigar nan kuwa ƙarfin ƙafar mahayi ta ke ci. Yanzu ko a babban tseren Faransa, mafi yawansu taya mai faɗin 28 ko fiye su ke hawa, bisa gargare mai faɗi, da iska ƙasa da ta da. In masu tsere bisa kwalta mai kyau sun sassauta, ina kai mai bin burji da gargada? Hausawa sun ce in ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa.

Amma fa kada ka ji wannan ka bar tayarka laɓo-laɓo. Tayar da iskarta ta yi kaɗan nauyin tuƙi gare ta, gefenta ya kan tsattsage don yawan lanƙwasa. In kuwa ka hau dutse ko bakin rami, sai ta nutse har gargare ya daki ƙasa, ya datse tiyub. In ka ciro tiyub ka ga huji biyu gab da juna, ɗaya ta wannan leɓe ɗaya ta wancan, kada ka zargi tsidau. Ƙarancin iska ne, ko yawan kaya.

KAYA DA HANYA DA RANA

Wurin da taya ke taka ƙasa yana da nasa lissafi: nauyin da ke bisa ƙafa, a raba shi da ƙarfin iska. A ce kai kilo 65 ne, kekenka kilo 20. In ka raba nauyin nan kashi biyar, kamar biyu ke bisa ƙafar gaba, uku bisa ta baya, watau baya tana ɗauke da wajen kilo 50. Da iska bar 3 da rabi, wurin da za ta taka ƙasa bai kai fuskar kwalin ashana guda ba. Yanzu ɗaura rabin buhun masara, kilo 50, bisa kariya. Nauyin baya ya ninka, sai taya ta baje har ta taka kusan fuskar kwalin ashana biyu. In kana so ta tsaya yadda ta ke da, sai ka ninka iska ta kai bar 7, wannan kuwa tayar babban keke ba za ta jure ba.

Ka ga ashe famfo kaɗai ba ya maganin kaya. Maganinsa taya mai faɗi bisa gargare mai faɗi, gama ita tana da wurin bajewa tun gargare bai kusanci ƙasa ba. Wannan shi ya sa manyan kekuna irin su Raleigh da Phoenix su ke da faffaɗan gargare, shi ya sa kuma siririn keken gwanjo na tsere, kome kyansa, bai dace da buhu ba. In kayan sun kai buhu guda cur, ka raba su sawu biyu, ko ka sauka ka tura a wurin duwatsu. Sannu ba ta hana zuwa. Kullum dai ƙafar baya ta fi ta gaba iska.

Hanya ma tana da magana. Bisa kwalta, kamar wadda ta tashi daga Funtuwa ta bi ta Sheme ta nufi Gusau, kana iya ƙara iska. Cikin rairayi kuwa, ko hanyar gona da damina, ka rage kaɗan in ba ka da kaya masu nauyi. Dubi raƙumi da jaki cikin yashi. Tafin raƙumi bajewa ya ke yi ya zauna bisa, kofaton jaki kuwa nutsewa ya ke yi.

Sa'an nan ga rana. Iska in ta ji zafi ƙarfinta ƙaruwa ya ke yi. Tayar da ka buga wa PSI 50 da sanyin asuba, in ta ƙara zafi da digiri 25, kamar yadda ya kan faru ga keken da aka yasar a rana cikin watan Maris ko Afrilu, za ta kai wajen 55. Lafiyayyar taya ba ta damu da wannan ba. Amma tsohuwa mai ruɓaɓɓen zare, wadda da ma an cika ta har iyaka, ita ce ka kan ji ta yi ƙara a kasuwa ba mai hawa. Ka nemar wa kekenka inuwa kamar yadda ka ke nemar wa dokinka.

AMFANIN KARATUNKA

Ga inda karatun da ka koya zai mayar maka da kuɗinka. Tayoyi suna da suna iri biyu a gefensu. Akwai tsohon suna na inci, kamar 28 x 1½, wanda ya kan ruɗar da mutane. Akwai kuma lamba biyu da ɗan zane a tsakaninsu, kamar 40-635, bisa tsarin ƙungiyar masu yin taya da gargare ta ƙasashen Turai, wadda a ke kira ETRTO, aka kafa ta a 1964. Lamba ta fari, 40, faɗin taya ne da milimita. Ta biyu, 635, girman zoben ne, daga inda bakin taya ke zama a wannan gefe, a ratsa ta cibiyar ƙafa, zuwa wancan gefe.

Lamba ta biyun nan tilas ta zama ɗaya da ta gargarenka, ba ragi ba ƙari. Babban keke mai birkin sanda nasa 635 ne. Da yawa cikin kekunan gwanjo su ma 28 a ke ce da ƙafarsu, amma nasu 622 ne, bambancin milimita 13, watau rabin inci. Haka kuma masu suna 26: akwai 26 x 1⅜, wadda ta ke 590, akwai 26 x 1.75 da 'yan'uwanta na kekunan hawan dutse, waɗanda su ke 559. Tayar da ta yi wa gargare kaɗan ba za ta shiga ba, sai dai ka karya wayarta wajen dole. Wadda ta yi masa yawa za ta shiga da sauƙi, ita ce kuwa mai haɗari, gama tana iya tsallake leɓe kana cikin gangara. A jikin waɗansu gargaren za ka ga an rubuta kamar 622 x 19, watau girman zobe da faɗin ciki. In ba a rubuta ba, ga rula.

In za ka sake gargare ɗungum, ko ka ƙara faɗin taya, ka duba abu biyu tukuna. Na ɗaya, ko akwai sarari tsakanin taya da ƙarfen keke, wanda laka za ta wuce da damina. Na biyu, birki. Birkin sanda ta cikin gargare ya ke kamawa, yana jansa sama, birkin waya kuwa gefuna ya ke matsewa, ko wanne da irin gargarensa. Gargaren da birki ya cinye wa gefe har ya yi kwari, ko wanda tsatsa ta ci leɓensa, ba shi da ƙarfin riƙe iska mai yawa, sai a sake shi.

Saura awon iska. Bawul irin na mota, wanda ke jikin kekunan gwanjo da yawa, ma'aunin mai faci yana karanta shi. Amma ka gargaɗe shi in zai sa maka injin bugun iska, gama ɗakin tayar keke ƙarami ne, kafin ƙiftawa da bisimilla ya cika ya wuce. Bawul ɗin manyan kekunanmu kuwa, mai 'yar roba a ciki, ba ya karɓar wannan ma'auni. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, ga yadda za ka taimake shi. Ka tsai da keke a daɓe mai tauri, abokinka ya kafa tsinke a gefen ƙafa, ya yi alama daidai leɓen gargare. Sa'an nan ka hau, da kai da kayanka, ya sake yin alama. Abin da ya kamata taya ta nutse kamar kashi ɗaya cikin bakwai ne na tsayinta, watau milimita 5 ko 6 ga tayar babban keke. In ta wuce haka ƙwarai, ƙara iska. In ba ta motsa ba, rage. In ka kai iyakar lambar da aka rubuta a gefenta ba ta daina nutsewa ba, kayanka ne suka fi ƙarfinta.

ABIN DA ZA KA TAFI DA SHI

To, jama'a, ga abin da na ke so ku riƙe. Kafin ka sayi taya, karanta lamba ta biyu a jikin tsohuwar, ka auna faɗin gargarenka ta ciki. Ka zaɓi taya mai ninki ɗaya da rabi zuwa biyu na wannan faɗi, in kai mai ɗaukar kaya ne ka karkata wajen mai faɗin. In gargare ko taya sun ƙara faɗi, sassauta iska kaɗan, in sun ƙuntata, ƙara. Kada ka wuce lambar da ke gefen taya ko da wane dalili. Ka ba baya fiye da gaba, ka duba iskarka ko wane mako, musamman daren kasuwa, gama ko tiyub marar huji yana sace iska a hankali.

Ranar da za ka je wurin mai sayar da kayan keke, ka rubuta lambobinka a 'yar takarda da hannunka, ka miƙa masa, ka karanta ta jikin tayar da ya ɗauko maka kafin ka kwance bakin aljihu. Wanda kuma ya gane cikinku, ya karanta wa maƙwabcinsa wanda bai iya ba tukuna. Allah ya kiyaye hanya, ya sa ku je kasuwa lafiya ku komo lafiya.